Auduga, Kitse da Ƙusa: Yadda Ake Jinyar Tsohon Jirgin Ruwa a Lamu

Sau biyu a kowane wata, lokacin tsayuwar wata da kuma wajen daren sha huɗu, ruwan teku kan cika fiye da yadda ya saba a gaɓar Kenya, sannan ya janye fiye da yadda ya saba. Tsakanin cikar da janyewar akan sami bambancin mita 3, wani lokaci har fiye. Da wannan lissafi masu jiragen katako na tsibirin Lamu suke aiki. Idan ruwa ya cika maƙil sai su turo jirgi can kusa da tudu, su tokare shi da itatuwa hagu da dama, su jira. Bayan 'yan sa'o'i ruwan ya gudu, ya bar jirgin tsaye a kan yashi, kowa na iya zagaya shi da ƙafa. Daga nan zuwa dawowar ruwa, abin da bai kai rabin yini ba, shi ne lokacin aiki: a kankare, a duba, a cire, a toshe, a shafe. Abin da ba a gama ba sai a jira janyewa ta gaba.

Jiragen da nake nufi su ne masu tafiya da iska, masu ƙaton ƙyalle mai kusurwa uku. Babban cikinsu, mai dakon kaya, jahazi ake ce masa, ƙaramin na masunta kuma mashua. Lamu, wanda hukumar UNESCO ta sanya tsohon garinsa cikin wuraren tarihi na duniya a 2001, gari ne na lunguna da jakuna, kusan babu mota, don haka siminti da yashi da tubalin murjani da itacen gini, yawancinsu ta ruwa suke zagaya tsibiran. Iska biyu ce ke raba musu shekara. Daga wajen Disamba zuwa Maris kaskazi ke busowa daga arewa maso gabas. Ita ce a da take kawo jiragen Oman da Yaman da Indiya ɗauke da dabino da busasshen kifi da yadi. Daga Afrilu zuwa wajen Satumba sai kusi ta taso daga kudu, ta mayar da su gida. A tsakiyar kusi, wajen Yuni zuwa Agusta, ruwa kan yi haukan da ke sa ƙananan jirage su rage fita, kuma a lokacin ne ake manyan gyare-gyare.

Ni ɗan tudu ne, ban tashi kusa da wani babban ruwa ba. Amma kakana ya yi hajjinsa ta ƙasa, kamar dubban Hausawan zamaninsa: ta Barno, ta Chadi, ta Sudan, har bakin Bahar Maliya wajen Sawakin, inda suka shiga irin wannan jirgin katako mai ƙyalle suka haye zuwa Jidda. Idan yana ba mu labarin, abin da ya fi nanatawa shi ne yadda yaran jirgin suka kwana suna kwasar ruwa daga cikinsa suna zubarwa, wani ya gaji wani ya karɓa. Tun ina yaro abin ya tsaya mini a rai, ta ina ruwan yake shiga, kuma me ya hana shi cinye jirgin? Da Allah ya kai ni Lamu lokacin Maulidin masallacin Riyadha, na kalli tseren jirage da ake yi a bikin, sai na nemi wanda zai kai ni Matondoni, ƙauyen da ke arewa maso yammacin tsibirin, inda aka san su da sassaƙa jirage da gyaransu.

A can na zauna kusa da wani dattijon fundi, wato ƙwararren kafintan jirgi, wanda aka kawo wa tsohon jahazi. Jirgin ya sha fenti shuɗi da ja, ga tauraro da jinjirin wata an sassaƙa a goshinsa, amma dattijon ko kallon wannan bai yi ba. Ƙaramar guduma ya ɗauka ya bi falankin ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa, kunnensa a karkace. Katako mai lafiya yana amsawa da ƙara mai kauri, guduma ta yi tsalle ta dawo. Wanda ya ruɓe daga ciki kuwa sai ka ji shiru-shiru, gudumar ta mutu a kansa. Duk inda ya ji haka sai ya zaro wuƙa ya soka tsininta. Idan ta shige ba gardama, ya yi wa wurin alama da gawayi. Daga nan ya hau ciki, ya sa yara suka fitar da buhunan yashin da ake dannawa a ƙasan jirgi don kada iska ta kifar da shi, suka ɗage katakan daɓe, ya durƙusa yana shinshinawa. Ruɓa tana da wari, kuma hanci kan riga ido gano ta.

Abin da ban taɓa zato ba shi ne, ruwan sama ya fi ruwan gishiri ruɓar da katako. Ruɓa aikin funfuna ce, wadda ke son danshi da ɗumi da wurin da iska ba ta ratsawa, gishiri kuwa yana dakushe ta. Shi ya sa za ka ga yaran jirgi da sassafe suna ɗebo ruwan teku da bokiti suna watsa wa saman jirgin: gishirin ya shiga katako, katakon kuma kada ya bushe a rana har haɗe-haɗensa su buɗe. Wuraren da dattijon ya fi daɗewa a kansu su ne inda ruwan sama kan kwanta ba a gani: kawunan haƙarƙarin jirgin, wato lanƙwasassun itatuwan da ake buga falanki a jikinsu, da kusurwoyin baya, da ramin da gindin ginshiƙin ƙyalle yake zama.

Ƙasan jirgin kuma, ɓangaren da ke kwana cikin ruwa, maƙiyinsa daban ne. Tsutsar teku ake ce mata, ko da yake ba tsutsa ba ce, dangin su kawa ce mai ɗan ƙaramin ɓawo biyu a kai, da shi take goga katako tana huda shi. Tana ƙarama ƙwarai take manne wa jirgi, ta shiga ta wata kafa da ba ta wuce tsinin allura ba. Daga nan ba ta sake fitowa. Tana ci tana girma tana tsawo, tana shafe bangon raminta da wani farin abu mai tauri, wasu ƙwayoyin halitta da ke jikinta kuma suna taimaka mata narkar da itacen. Aikinta irin na gara ne a jikin azara: daga waje falanki sumul, ciki kuwa duk ramuka ne, ka taka da ƙafa ya burme. A ruwa mai ɗumi irin na Tekun Indiya, katakon da aka bari tsirara bai daɗewa.

Wannan halitta ta wahalar da manyan ƙasashe. A 1503, a tafiyarsa ta huɗu, Kolumbus dole ya kai jiragensa biyu da suka rage kan yashi a Jamaika domin tsutsar ta gama da su, shi da mutanensa suka shekara a can suna jiran ceto. A farkon shekarun 1730 ta cinye turakun katako da ke riƙe da shingayen teku na ƙasar Holan, har sai da suka koma amfani da duwatsu. Mutanen gaɓar Afirka ta Gabas da Larabawa kuwa tun da daɗewa suna da nasu maganin, kuma na ga an yi shi a gabana. Da fari aka kankare gansakuka da ƙananan halittu masu ɓawo da suka manne wa jirgin, waɗanda ko ba su ci katako ba suna rage masa gudu ƙwarai. Aka kunna busassun ganyen kwakwa aka bi ƙasan da wuta sama-sama, don ya bushe, abin da ya saura kuma ya mutu. Sannan aka narka kitsen dabba a tukunya, aka kwaɓa shi da farar ƙasa da ake samu daga ƙona murjani, aka bi jirgin da tafin hannu ana shafawa tun kwaɓin yana da ɗumi. Idan ya sha iska sai ya zama farin ɓawo wanda tsutsar ba ta iya ratsawa. Saman layin ruwa kuma man hantar kifin shak ake shafa wa, wanda ke sa katako ya yi duhu ya ƙi tsagewa a rana. Warinsa, sai wanda ya ji. Aibin wannan magani ɗaya ne, ba ya daɗewa. Bayan 'yan watanni ɓawon ya fara zubewa, sai an sake. Mai jirgin da ya ce bari sai an samu kuɗi, ya tsallake zagaye ɗaya ko biyu, falanki zai saya a maimakon kitse.

Sai maganar ƙusa, wadda a ganina ita ce ainihin shekarun jirgi. Ƙusoshin jahazi na baƙin ƙarfe ne, dogaye, ƙirar maƙera. Ba a buga su kai tsaye, sai an huda katakon tukuna da mahudi mai baka da igiya, kada ya tsage. Ana naɗa 'yar auduga a ƙarƙashin kan ƙusar don ruwa kada ya bi ta, a buga ta ta ratsa falanki da haƙarƙari, sannan a lanƙwasa tsininta daga ciki ta kama. Jirgi ɗaya yana ɗauke da ɗaruruwansu, babba kuwa dubbai. Ƙarfe cikin ruwan gishiri dole ya yi tsatsa, tsatsa kuma kumbura take yi, ta tsaga katakon da ke kewaye, ta baƙanta shi ta laushe shi, ita ƙusar kuma ta rame daga tsakiya. Idan ka ga jan zane yana gangarowa a jikin jirgi daga kan ƙusa, to ta fara. Na ga an zaro wata wadda kanta da tsininta suna nan lafiya, amma tsakiyarta, daidai inda falanki ya haɗu da haƙarƙari, ta koma siririya ƙwarai. Jirgin da irin waɗannan suka yi yawa a jikinsa yana iya yin kyau a tashar ruwa, sai ranar da igiyar ruwa ta doke shi da ƙarfi falanki ya ɓalle gaba ɗaya. Gyaran na haƙuri ne: a miƙe tsinin daga ciki, a doko ƙusar waje, idan ramin ya faɗaɗa a toshe shi da turken katako, a huda sabo a gefe.

Mai kuɗi yakan so ya canza zuwa ƙusar jan ƙarfe ko ta tagulla, waɗanda ba sa tsatsa. Shawara ce mai kyau idan duka za a canza. A 1761 rundunar ruwan Ingila ta lulluɓe ƙasan wani jirginta mai suna Alarm da fallayen jan ƙarfe don maganin tsutsa. Tsutsar ta kaurace masa, amma da aka duba bayan ya yi zamansa a ruwan Karibiyan, sai aka tarar ƙarafan da ke taɓa jan ƙarfen sun cinye. Dalili shi ne, ƙarfe iri biyu da suka haɗu cikin ruwan gishiri batir suke zama, ɗaya yana narkewa don ɗayan. Sai a shekarun 1780 suka warware matsalar, da suka koma ɗaure jiragen da ƙusoshin da aka yi da gaurayen jan ƙarfe. Har yau wanda ya cakuɗa ƙusa iri biyu a jirgi ɗaya ya gaggauta mutuwar baƙin ƙarfen ne.

A da ma akwai jiragen da babu ƙusa ko ɗaya a jikinsu. Mtepe, wanda ake yi a waɗannan tsibirai har zuwa wajen shekarun 1930, ɗinka falankinsa ake yi da igiyar gashin kwakwa, kuma lokaci-lokaci sai an warware ɗinkin an sake. Kada a ɗauka wasan yara ne: ƙasar Oman ta ƙera wani ɗinkakken jirgi mai suna Jewel of Muscat, kwaikwayon wani jirgin ƙarni na 9 da aka gano a ƙarƙashin ruwa a Indunusiya, aka shafe ƙasansa da kitse da farar ƙasa, a 2010 ya tashi daga Maskat har Singafo.

Falanki uku dattijon ya yanke wa hukuncin cirewa a wannan jahazi. Babu zane a takarda, babu ma'auni sai igiya da ido. Aka ɗora sabon katako a kan gurbin, ya ja layi da zare mai launi, ya sa gizago. Jikin jirgi ba shi da wuri miƙaƙƙe ko ɗaya, kowane falanki yana lanƙwasa yana kuma murɗewa, don haka sai an shafa masa mai, an gasa shi a kan wuta a hankali, an danne shi har ya karɓi siffar. A gwada, a sauke, a sassaƙe kaɗan, a sake gwadawa. Na lura ba ya barin bakin sabon falanki ya ƙare a kan haƙarƙari ɗaya da na maƙwabcinsa. Yana warwatsa mahaɗan, domin idan suka jeru wuri guda nan jirgin zai karye. Kuma da gangan yake barin 'yar siririyar kafa tsakanin falanki da falanki, mai ɗan faɗi daga waje, matsattsiya daga ciki.

Wannan kafa ita ce gidan auduga, kuma a nan na sami amsar tambayar da na taso da ita. Ana murza auduga sako-sako kamar igiya, a jiƙa ta da man kwakwa, a ɗora ta a bakin kafar, a bi ta da kurfi marar kaifi da gudumar katako ana cusawa. Tun daga nesa kana jin ƙarar, mutum uku ko huɗu kowa da layinsa. Aikin yana kama da mai sauƙi, amma nan ne ake gane hannu. Idan an cusa da sanyin hannu, ruwa zai bi. Idan an cusa da ƙarfin tsiya kuma, ranar da jirgi ya koma ruwa katakon zai sha ya kumbura, ya rasa wurin zuwa, sai ya banƙare daga haƙarƙari ya fizge ƙusoshinsa. Wato mai toshewa yana lissafi ne da kumburin da bai zo ba tukuna, kuma lissafin ya danganta da irin itacen da yadda ya bushe. Shi ya sa jirgin da aka gama gyarawa yakan yi yoyo a kwanakin farko, a yi ta kwasar ruwa har katakon ya ƙoshi ya matse audugar da kansa. Ko bayan haka, jirgin katako yana motsi a cikin igiyar ruwa, mahaɗansa suna buɗewa suna rufewa kaɗan-kaɗan, don haka ɗan ruwa a ƙasansa ba abin tsoro ba ne. Abin da matuƙi ke sa wa ido shi ne ko yawan da ake kwashewa yau ya fi na jiya.

Ƙyallen da kayansa ba su da wuyar fahimta. Yadin auduga ne mai kauri, ƙyalle-ƙyalle aka ɗinka a jere, an daje gefensa da igiya. Idan aka naɗe shi da danshi funfuna ta ci shi, don haka sai an shanya. Doguwar sandar da yake rataye a jiki, wadda sau da yawa ta fi jirgin kansa tsawo, itace biyu ko uku ne aka ɗaure, kuma ɗaurin ne ake dubawa. Duk sanda jirgi zai juya ya ba iska ɗaya gefen, sai an kewayo da wannan sanda ta gaban ginshiƙi, abin da ke cin igiyoyi da ƙarfin mutane.

To, sai sababbin abubuwa. Yawancin mashua yanzu suna da injin rataye a baya, galibi Yamaha mai ƙarfin doki 15 ko 40, wasu manyan kuma an dasa musu injin dizal a ciki. Akwai baƙi masu yawon buɗe ido da ke ƙorafi wai inji ya ɓata asali. Ban yarda da su ba. Wanda iska ta ɗauke masa a tsakiyar ruwa da kifi yana lalacewa, ko wanda ya ɗauko mace mai naƙuda daga wani tsibiri cikin dare, shi ya san amfanin inji. Sai dai a san cewa jirgin ba don inji aka ƙera shi ba. Girgizarsa tana sassauta ƙusoshi tana zazzage auduga, nauyinsa yana jan bayan jirgi, don haka kafin a rataya shi sai an ƙarfafa katakon baya da ƙarin haƙarƙari. Na ciki kuma yana buƙatar a huda jirgin don sandar farfela ta fita, kuma kowace huda a ƙarƙashin ruwa sabuwar ƙofa ce da za a yi ta gadi. Igiyar nailan ta kori ta gashin kwakwa domin ba ta ruɓewa, amma rana tana cin ta. Idan ka murza ta ka ga gari a hannunka, ta gama aiki. Fentin kanti mai gaurayen jan ƙarfe ya fi kitse da farar ƙasa daɗewa, masu hali sun koma gare shi. Akwai wani irinsa mai guba da ake kira TBT, wanda ya yi wa halittun ruwa ɓarna har yarjejeniyar duniya ta haramta shi, haramcin ya fara aiki a 2008. Ƙaramin farantin sola don fitila da cajin waya, famfon hannu na fitar da ruwa, da rigunan ceto daidai da yawan mutanen da ke ciki, waɗannan kuɗinsu bai kai na falanki biyu ba, kuma ban ga uzurin mai jirgin da ya sayi sabon fenti ya bar su ba.

Gyara ɗaya ne nake adawa da shi da gaske, shi ne lulluɓe tsohon jirgin katako da faiba, wato zaren gilashi da ake jiƙawa da gam ya daskare. Ana yin haka ne yawanci ga jirgin da ya riga ya gaji, don a huta da toshe-toshe. Shekarar farko yoyo ya tsaya, tsutsa ba ta shiga, jirgi ya yi sheƙi. Kyan ɗan maciji ke nan. Katako yana kumbura yana motsi, faiba ba ta bin sa, sai su rabu a wasu wurare. Ruwan sama da ke shiga daga sama ya sami wurin kwanciya tsakaninsu, ba ya fita, ba ya bushewa. Ƙusoshi suna ci gaba da tsatsa a ɓoye. Mafi muni, fundi ba zai iya ƙwanƙwasawa ya ji gaskiya ba, ba zai iya zaro ƙusa ɗaya ya duba ba, ba zai iya cire falanki ɗaya ya bar saura ba. Ana iya yin aikin ya yi kyau idan katakon lafiyayye ne, an busar da shi sosai, an yi amfani da gam mai tsada irin efoksi, amma mai irin wannan jirgi da irin wannan kuɗi ba shi ne ke neman lulluɓi ba. Ma'aunina ga kowane sabon abu da za a ƙara wa tsohon jirgi shi ne, bayan an sa shi, hannu da ido za su iya kai wa ga abin da ke ƙarƙashinsa?

Turawa ma da nasu jiragen na shaƙatawa ba su tsira daga wannan ba. Tun daga shekarun 1960 yawancin jiragensu masu ƙyalle da faiba zalla ake yin su, kuma dubbai daga cikinsu suna nan sun haura shekara 40 ko 50, ana sayar da su da araha. Jikin ba ya ruɓewa, amma ruwa kan ratsa fatarsa ya tayar da ƙuraje. Daɓen sama kuma sau da yawa akwai katako marar nauyi a tsakiyarsa, wanda ruwan sama ke shiga ta ramukan ƙusoshi ya mayar da shi dusa. Wayoyin ƙarfe da ke riƙe ginshiƙi ana shawartar a canza su bayan kimanin shekara 10 ko da ido bai ga komai ba, domin daga cikin mahaɗa suke tsagewa. A 2014 wani jirgi mai suna Cheeki Rafiki ya kife a Tekun Atlantika bayan nauyin ƙarfen da ke ɗaure a ƙasansa ya ɓalle, mutum huɗu 'yan Birtaniya suka rasu. Labarin da na fi tunawa dai shi ne na Joshua Slocum, matuƙin da aka ba wa wani ruɓaɓɓen jirgin kamun kawa mai suna Spray, yana yashe a fili a garin Fairhaven na Amurka, a 1892. Ya yi wata 13 yana canza shi itace bayan itace, ya kashe dala 553 da 'yan kai. Da wannan jirgi ya tashi a 1895 ya dawo a 1898, ya zama mutum na farko da ya kewaye duniya a jirgin ruwa shi kaɗai. A 1909 ya sake fita da shi, ba a ƙara ganin su ba, kuma waɗanda suka ga jirgin a shekarunsa na ƙarshe sun ce kulawar ta ja baya ƙwarai.

Abin da ke damun masu gyara a Lamu yanzu shi ne itace. Falanki mai kyau daga mbambakofi ake samu, ɗan'uwan itacen kawo da muka sani, ko daga loko, wanda su ke kira mvule. Haƙarƙari kuma daga rassan da Allah ya lanƙwasa da kansu, na mikoko, itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri a bakin gaɓa, ko na mangwaro da darbejiya. Reshen da ya tashi a lanƙwashe ya fi wanda aka yanko daga miƙaƙƙen gungume ƙarfi nesa ba kusa ba, domin jijiyar itacen tana bin lanƙwasar. Manyan itatuwa sun yi ƙaranci, sun yi tsada. Kenya ta hana fitar da itacen mikoko zuwa waje a 1982, a 2018 kuma gwamnati ta dakatar da saran itace a dazuzzukanta, ko da yake daga baya an sassauta wa mutanen Lamu a kan mikoko. Wasu sun fara neman wata hanya. A 2018 wani fundi ɗan Lamu, Ali Skanda, da abokan aikinsa suka ƙaddamar da Flipflopi, jirgi mai kimanin mita 10 wanda aka ƙera da robar bola da aka narka aka zuba ta falanki-falanki, aka lulluɓe shi da tsofaffin silifa kusan 30,000. A farkon 2019 ya yi tafiyar kilomita 500 zuwa Zanzibar da iska. Gwaji ne mai ban sha'awa, amma masuncin da jirginsa ke yoyo a bana katako yake nema.

Ga kuma wata kasuwa da ta buɗe a gefe. Katakon tsohon jirgi, wanda ya sha gishiri da man kifi shekara da shekaru, da ramukan ƙusa da na tsutsa a jikinsa, ya zama abin so ga masu yin tebura da gadaje na otal-otal da gidajen masu kuɗi a Kenya da Tanzaniya. Idan jirgi ya mutu murus, wannan alheri ne, mai shi ya sami abin da zai rage asara. Damuwata ita ce jirgin da bai mutu ba, wanda ƙashin bayansa da yawancin haƙarƙarinsa ke da lafiya, falanki kaɗan da ƙusoshi kawai yake buƙata. Mai shi yana duban kuɗin katako da na fundi da makonnin da zai yi ba ya samun ko sisi, ga kuma mai saye tsaye da kuɗi a hannu. Duk jirgin da aka farfasa ta wannan hanya, aikin gyara ɗaya ya ragu a Matondoni, kuma yaran da na gani suna miƙa wa dattijon auduga da guduma a kan irin waɗannan ayyuka ne kaɗai suke koyon sana'ar, domin sabon jahazi ba kowace shekara ake sassaƙa shi ba.